Kuɗin lemo ba shi ne kuɗin cefane ba, a daina ruɗar yara

Wannan salon da 'yan bidiyo suka shigo da shi ya fara isata gaskiya. Mutum ya sauka Legas yau, ko wanka bai yi ba, ya shiga shago ya ɗaga robar Coke gaban kyamara yana cewa "kun gani, kusan kuɗi ɗaya da Kano, ashe Legas ɗin ba wata tsada". Masu dawowa daga Umara da Dubai ma haka, ka tambayi yadda rayuwa take can sai a fara maka da kuɗin lemo. Da abin ya tsaya a nan da sai mu yi dariya mu wuce, amma yara ne a gida ke kallo, su buga lissafi, su ɗare bayan tirela su taho.

To ai dole lemo ya zo kusan ɗaya. Kamfanin da ke yin Coca-Cola yana da masana'anta a Ikeja cikin Legas, yana da wata a Challawa cikin Kano, Seven-Up ma na nan Ijora kuma suna can Kano, kowanne da dilolinsa da motocinsa da farashin da ya yanka, ga lemon Bigi da ya matsa musu lamba har babu mai iya ɗaga kuɗi yadda ya ga dama. Ko harajin N10 kan kowace lita da gwamnati ta sa a dokar kuɗi ta 2021, ai ƙasa baki ɗaya ya hau, bai ware Agege daga Fagge ba. Lemo ba ya ruɓewa a hanya, kuma ba ruwansa da damina ko rani.

Tumatir fa? Kwandon da aka ɗauko daga Kura sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin ya ga kasuwar Mile 12 ta Legas, a biya dizal, a biya a kowane shinge, mota ta lalace a kwana, a iso a biya masu sauke kaya da 'yan tikiti, kuma in ka ɗage murfin kwandon ka tarar ƙasan ya zama ruwa yana tsiyaya. Wannan asarar duk matar da ta je sayen na miya ita ke biya. Kun manta Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya kudu? Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi a Legas, a Arewa kuma kaya suka yi kwantai, lemo kuwa bai ma san ana yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ƙara cin kayan gwari.

Har a cikin Legas ɗin ma lemo ba ya magana ɗaya. Na yaron da ke bin motoci a cunkoso daban, na filin jirgin Murtala daban, na otal a Lekki daban, abin da kake biya a nan hayar shago ce da ƙanƙara da man janareto, ba abinci ba.

Wasu za su ce ai Turawa ma suna auna ƙasashe da farashin Big Mac, wato burodi da nama na kamfanin McDonald's, tun 1986. Mujallar The Economist da ta ƙirƙiro wannan ma'aunin darajar kuɗi take aunawa, kuma da sigar raha ta fara, ba ta taɓa cewa wani ya tattaro iyalinsa ya ƙaura saboda shi ba.

Ni abin da ke ƙona min rai shi ne mai bidiyon bai taɓa cefane ba. A masauki yake ci, wani ke biya. Bai san nan da "derica" da robar fenti ake awon shinkafa da wake ba, balle ya iya mayar da shi kwano ya kwatanta, bai san a unguwanni da yawa ruwan girki ma sai an saya a jarka wurin mai ruwa ba, ga gas, ga kuɗin danfo, motar hayar Legas, zuwa kasuwa da dawowa. In har da gaske ake son a faɗa wa mutane tsadar gari, a ajiye robar lemon nan, a shiga unguwar Idi-Araba a samu uwargida mai yara biyar a tambaye ta nawa ta kashe jiya kafin tukunya ta sauka. Sai dai wannan ba zai kawo masu kallo ba, shi ya sa ba za su yi ba.