Ƙannena, Mai Shago Ya San Mu

Ƙannena matasan ikilisiya, maza da mata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi. Ku yi haƙuri da ni yau, maganar tana da ɗan ɗaci. Da kaina kuma zan fara, don an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Lokacin da nake sakataren zumuntar matasa, akwai wani shago a bakin hanyar cocinmu. Mai shagon dattijo ne Musulmi, mutum mai fara'a. Idan muka tashi daga koyon waƙa da yamma, nan muke tsayawa mu ɗauki burodi da lemo, mu ce, "Baba, a rubuta." Wata rana ya ja ni gefe ya buɗe mini littafin bashinsa. Sunayen mawaƙanmu ne a jere, wani bashin ya kai wata takwas, sunana kuma yana layi na uku. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, waƙoƙinku daga nan nake jin su kowace Lahadi, har na iya wasu. Amma duk cocinku mutum ɗaya ce ba na rubuta sunanta in ta ɗauki kaya, tsohuwar nan mai share muku majami'a. Ita in ta ce Laraba, to Laraba ce." Tsohuwar ko harafi ba ta sani ba, ba ta taɓa riƙe makirufo ba. Ni kuwa a makon nan ni na ja nazarin Littafi Mai Tsarki.

Wannan dattijo bai taɓa shiga sujadarmu ba, amma ya san mu sarai. Haka ma direban da ke ɗaukarku, da malamin da ya kama takardar satar amsa a safarku, da uwar adashin da ke bin ku gida gida. Wasunmu da safe suna addu'a Allah ya ba su nasara a jarrabawa, da rana suna biyan kuɗi a turo musu amsa ta waya. Wani yana jan sujada da hawaye a ido, alhali 'yan mata uku a cikin zumunta ɗaya kowacce ya yi mata alkawarin aure. Wata tana sanye da kayan mawaƙa, amma mudun da take auna wa mutane masara a kasuwa an buga masa gindi. Yakubu bai yi mana kara ba a sura ta biyu ta wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki: bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Ya ƙara da cewa aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Don haka iya nassi da zaƙin murya ba su ne za su bambanta mu da su ba.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni 11:26. A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, kuma ga dukkan alamu mutanen gari ne suka laƙaba musu sunan. Me suka gani? Ku dubi shugabannin wannan ikilisiya a farkon sura ta 13. Ga Barnaba, Balawi daga tsibirin Kubrus. Ga Saminu da ake kira Baƙi. Ga Lukiyas mutumin Kurane a arewacin Afirka. Ga Manayin wanda ya tashi tare da sarki Hirudus. Ga Shawulu, wato Bulus, Bafarisiye daga Tarsus. A wannan gari ne Yahudawa da Helenawa suka zauna suna cin abinci a akushi ɗaya, abin da ba a saba gani ba. Ba za ka kira su da sunan ƙabila ba don sun gauraya, sai aka kira su da sunan wanda ya haɗa su. Sunan da muke taƙama da shi, har muna manna shi a bayan mota, a wurin zaman tare aka haife shi. Shi ya sa ni ban iya raba maganar hali da maganar haɗin kai ba.

A nan kuwa muna da ciwo.

Na sha jin matasa suna musu a kan ɗarika kamar masu goyon bayan ƙungiyoyin ƙwallo. Wannan ya ce cocinku ba wuta, wancan ya ce naku hayaniya ce kawai, wani ya ce 'yan Katolika ba masu bi ba ne. Bari in tambaye ka, ƙanena: yaushe ka zauna ka auna koyarwar ɗarikoki kafin ka zaɓi taka? Yawancinmu gada muka yi. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM, Gowans da Kent da Bingham, sun sauka a Legas a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu ba da daɗewa ba, daga aikin da ya biyo baya kuma aka sami ɗarikar ECWA a 1954. Karl Kumm na ƙungiyar mishan ta SUM ya kafa zango a Wase a 1904, daga reshen nan ɗarikar COCIN ta fito. 'Yan mishan Kulp da Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, ga ɗarikar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. 'Yan Denmark suka nufi Numan, ga ɗarikar Lutaran a ƙasar Bachama. Mishanoni sun raba ƙasa a tsakaninsu don kada su taka ƙafar juna. Saboda haka in kai Babur ne ko Margi, da wuya ba a EYN aka yi maka baftisma ba. In kai Tangale ne, mai yiwuwa ECWA. In Ngas ne ko Tarok, mai yiwuwa COCIN. Da baturen da ya iso ƙauyen kakanka ya bi wata hanya a mararraba, da yau wata riga kake sawa kana zagin wadda ke jikinka.

Kakanninmu sun fi mu gane wannan. Ba su da waya, ba su da mota, wasu ma ba su daɗe da daina yaƙi da juna ba, amma a 1955 suka kafa tarayyar ikilisiyoyi da muke kira TEKAN a yau. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932 shi ya zama musu tabarma ɗaya, mutumin Langtang da na Biu da na Kagoro su buɗe shafi ɗaya su karanta da harshe ɗaya. A Gindiri aka fara FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, a 1957, ɗalibai na ɗarika dabam dabam suna addu'a a aji ɗaya. Mu da muka gaji duk wannan, me muka ƙara a kai? Bulus ya tambayi Korintiyawa, masu cewa ni na Bulus ne, ni na Afolos, ni na Kefas: an rarraba Kiristi ne? Bulus ne aka gicciye dominku? Ka cire sunayen nan ka sa sunan ɗarikarka ko na faston da kake bi a intanet, tambayar tana nan da ƙarfinta.

Ba ina cewa duk koyarwa daidai take ba, kuma ba na ce kowa ya bar cocinsa. Akwai bambancin da ya isa a zauna a tattauna shi da Littafi a buɗe. Amma kashi nawa ne na faɗanmu ya shafi koyarwa? Yawanci kujera ce, da kuɗin baiko, da ƙabila.

Ƙabila, ita ce ba ma son a taɓa. A majami'a ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa ya san ɓangaren da "mutanenmu" suke zama. In zaɓen dattawa ya gabato sai ka ga ana ziyarar dare, ana ƙirga ƙuri'a da yare. In za a kawo sabon fasto, tambayar farko ita ce, ɗan ina ne? Kada ku ce dattawa ne kaɗai. Ni na yi. A wani zaɓen shugaban matasa, akwai ɗan'uwa da kowa ya san ya fi cancanta, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, asusun zumunta kuma bai taɓa ɓatan kwabo a hannunsa ba. Laifinsa ɗaya, iyayensa baƙi ne a garin. Ni da bakina na zaga ina cewa kada mu bari baƙo ya hau kanmu. Muka kayar da shi da ƙuri'a huɗu, muka rufe taro da waƙar ƙauna. Bayan wata biyu ya daina zuwa zumunta, muka ce ya ja da baya cikin bangaskiya.

Ikilisiyar farko ma ta gamu da wannan, kuma a wurin rabon abinci ne. Ayyukan Manzanni sura ta 6: Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu ku yi shiru kuna kawo rarrabuwa ba. Ba su kuma ce a je a yi addu'a a manta ba. Suka tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Ku karanta sunayen a hankali, Istifanas, Filibus, har zuwa Nikolas mutumin Antakiya: duka bakwai sunayen Helenanci ne. Wato waɗanda ludayi ke hannunsu sun miƙa shi ga ɓangaren da ya yi kuka. Nassi ya ce daga nan Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa. A cocinku, wane ne zai yarda ya saki ludayin?

Abin mamaki, in wahala ta zo sai mu tuna mu ɗaya ne. A 2014 da aka sace 'yan matan Chibok, da kuma watan Oktoba na shekarar da Boko Haram suka kama hedikwatar EYN a Kwarhi, mutane sun gudu zuwa Yola da Jos da sauran garuruwa da kayan jikinsu kawai. Waɗanda suka buɗe musu ƙofa ba su nemi katin baftisma ba. Masu ƙone majami'u ma ba su tsaya karanta allon da ke ƙofa ba. A Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane sama da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Bai tambayi kowa ɗarikarsa ba. In sai an zubar da jini za mu gane ɗan'uwa, to lallai makarantarmu tana da tsada.

Sai kuma wayar hannu, wadda ta sa gulma ta yi fiffike. Wani ya ɓata maka rai a zumunta, kafin ka isa gida ka riga ka saka habaici a WhatsApp, har da aya a ƙasa. Matiyu 18:15 ya ce ka je wurinsa, kai da shi kaɗai. Da ƙafa. Zumunta a ƙafa take, Bahaushe ya riga ya faɗa. In bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai wa ikilisiya. Mu kuwa mun juya tsarin: duniya ta fara ji, shi mai laifin ya ji a ƙarshe. Kuma kada wani ya fake da haɗin kai ya ce a rufe ɓarna. Wanda ya ci kuɗin gini ko ya lalata yarinya, a faɗa masa, ko wane ne shi. A Antakiyan nan dai Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban kowa, don ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba sa'ad da baƙi suka zo daga Urushalima. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma ido da ido Bulus ya yi, bai yi a bayan ido ba.

Yesu ya ce in ka kawo baikonka bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Na karanta wannan aya sau da yawa, na ma koyar da ita, ina cin Jibin Ubangiji ina kuma sane da abin da na yi. Bashin mai shago a makon nan na biya, don kunya ta kama ni. Na ɗan'uwan nan da muka kayar kuwa sai da na shekara shida ina ɗauke da shi.

Ranar da na je gidansa, na tarar yana gyaran keken ɗansa a tsakar gida. Yanzu wata ikilisiya yake zuwa, can ƙarshen gari. Matarsa ta kawo kunu. Muka yi gaisuwa, muka yi maganar damina da tsadar taki, har kofin ya huce a hannuna. Da ƙyar na buɗe baki na faɗa masa abin da na zaga ina faɗa a kansa. Ya yi shiru yana juya fedar keken. Can ya ce, "Ai na sani tun a daren. Na ɗauka ba za ka taɓa zuwa ba." Sai ya ce wa yaron ya je ya ɗauko wa babansa, wato ni, kujera mai kyau, wannan ƙafarta ta karye.