Masu cewa labarin ya yi gajarta, ku sake dubawa

Makon jiya ƙanwata ta turo mini wani ɗan labari da ake ta muhawara a kansa a zauren WhatsApp ɗin da suke karatun littattafai. Na fara shi bayan la'asar, kafin a kira magariba na kai ƙarshe. Amarya ce aka kai wani sabon rukunin gidaje a gefen Kano, mijinta matafiyi, gidan da ke jikin katangarta kullum da kwaɗo a ƙofa, amma duk tsakar dare sai ta ji an buɗe famfo a cikinsa. Ta tambayi maigadi, ya ce rabon da wani ya kwana a gidan tun kafin azumi. Daga nan ban sake ajiye wayar ba. Ba zan ambaci sunan labarin ba, domin ba talla na zo yi ba. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami shi ne sharhin da masu karatu suka yi bayan sun gama, wanda shi ma ta turo mini.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne wai labarin ya yi gajarta. Masu cewa a ƙara musu sun fi a ƙirga, wasu ma gani suke an cuce su, sun biya kuɗin shiga zaure an ba su abin da bai kai karatun kwana ɗaya ba. Ban yarda da wannan ƙorafi ba ko kaɗan, amma na san inda ya samo asali.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da gajarta ya fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, da Ganɗoki, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ya san siraran littattafai ne, ana iya gama kowanne a zama ɗaya ko biyu. Jiki Magayi ma labarin ramuwar gayya ne mai tayar da hankali, kuma shekara casa'in ke nan ba a ji wanda ya ce ƙarancin shafukansa ya rage masa ƙarfi ba. Tsawon da muka saba da shi yanzu daga baya ya zo. Lokacin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, marubuci shi ke biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, sai ya raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, cinikin na farko ya buga na gaba. Da rubutu ya koma waya, a manhajar karanta labarai ta Wattpad da zaurukan WhatsApp, sai abin ya ƙaru: kullum ana jiran sabon shafi, marubuciyar da ta yi kwana biyu shiru sai an bi ta da saƙonni. A hankali mai karatu ya koyi auna labari da mudu, kamar hatsi.

To amma labarin zullumi ba ya jure wannan awo. Tsoro kamar riƙe numfashi ne, yana da iyakar da mutum zai iya kaiwa. Da marubuciyar nan ta biye wa masu neman ƙari, da dole ta cusa kayan lefe, da rikicin uwar miji, da tsohuwar budurwar ango, da kishiyar da ke tafe, kafin a dawo kan famfon nan mai karatu ya manta da shi. Abin da ya sa na kasa ajiye wayar shi ne ba a ba ni wurin hutawa ba. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta ta ƙayyade labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma mun ji yadda wasu labaran suka sa masu sauraro hawaye a cikin wannan ɗan fili. Turawa ma suna da suna na musamman, wato novella, ga labarin da ya fi gajeren labari tsawo amma bai kai cikakken littafi ba, har masu ba da kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya suka yanka masa iyaka daga kalma 17,500 zuwa 40,000. Gini ne mai tsarinsa, ba littafin da aka gaji aka yanke ba.

Ƙorafi na biyu shi ne babu darasi, ba a nuna an kama mai laifi an hukunta shi ba. Wannan na fi tausaya masa, domin mun taso da labarin da ke ƙarewa da faɗakarwa, kuma marubutanmu da yawa da sunan gyaran tarbiyya suke kare sana'arsu idan an taso musu. Sai dai ni na ga darasi a labarin, ba a dai rubuta shi da manyan baƙaƙe a shafin ƙarshe ba. Mace ta yi wata uku katanga ɗaya da wani gida ba ta san ko sunan mai shi ba. Duk wanda ya san matsayin maƙwabci a addini da al'adarmu bai buƙatar a yi masa wa'azi bayan wannan.

Sai ƙorafi na uku, wanda mutum uku ko huɗu kawai suka kawo, hayaniyar masu neman ƙari ta danne shi. Su ne suka yi gaskiya, kuma daga maganarsu ka san a irin waɗannan unguwanni suke zaune. Cewa suka yi gidan da ke cikin labarin ba namu ba ne. Amaryar ta ji motsi sai ta kira 'yan sanda kai tsaye, daga baya ta ɗauki tocila ta haura katanga ita kaɗai, har ta gano ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wace amaryar Bahaushe ce za ta yi haka? Wadda na sani, abin da zai fara zuwa ranta aljanu ne. Za ta karanta Ayatul Kursiyyu, ta kunna karatun Alƙur'ani a waya, gari na wayewa ta kira mahaifiyarta, a turo mata ƙanwa ko wata gwaggo ta taya ta kwana. Idan abin ya ci gaba, wan miji za a gaya wa, shi kuma ya tuntuɓi limamin masallacin unguwa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa a finafinan Amurka muka san shi, a can gidajen wajen gari da yawa suna da shi, mu magina ba su saba yi mana ba.

Wannan aro ya ba ni takaici, domin abin tsoron da ke cikin sababbin unguwanninmu ya ishi marubuci, ba sai ya je ƙetare ba. Ka dubi Gwarinpa a Abuja, ko Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a Kano tsakanin 2011 da 2015, ko ɗimbin unguwannin da ke tsirowa a hanyar Zariya da hanyar Gwarzo. Doguwar katanga, waya mai ƙaya a samanta, get na ƙarfe, kowa da burtsatsensa da solarsa, babu abin da zai kai ka ƙofar wani. Akwai gidan da mai shi ya saya ya rufe yana wani gari, akwai wanda dillali ya ba da haya ga mutumin da ko shi bai san sana'arsa ba. A cikin badala baƙo ba ya kwana uku a lungu ba a san daga inda ya fito ba: akwai zaure, akwai dattawan bakin masallaci, akwai mai unguwa, akwai yaran da ke shiga kowane gida aike. Wanda ya tashi a can aka kai shi inda ba a sallama sai dai a danna ƙararrawa, ya riga ya shiga zullumi tun kafin a buɗe wani famfo. Ga kuma labaran garkuwa da mutane da muke ji, waɗanda sau da yawa a ƙarshe ake gano da hannun wani na kusa.

Kuma a irin wannan unguwa akwai waɗanda suka san komai, su ne maigadi da 'yar aiki da direba da mai kwasar shara. Su ke ganin motar da ke shigowa ƙarfe biyun dare, su suka san gidan da ake kai abinci alhali an ce babu kowa. Marubuciyar ta sa maigadi ya yi magana sau ɗaya ta watsar da shi, alhali shi ne mutumin da ya fi kowa dacewa a tsaya a kansa. Me ya sa ya ce babu kowa? Tsoro yake ji, ko an toshe masa baki, ko kuwa albashinsa a hannun mai gidan yake? Shafi biyu a kan wannan da sun fi ɗakin ƙarƙashin ƙasa tayar da tsigar jiki.

Ƙanwata ta ce har yanzu ana matsa wa marubuciyar ta fito da kashi na biyu, wasu har sun yi alkawarin biya tun kafin ta fara. Ina roƙonta kada ta yi. Ta bar wannan yadda yake, ta nemi waɗancan mutum uku ko huɗu ta saurare su da kyau, sannan ta je ta yini a ɗakin maigadi na wani rukunin gidaje, ta rubuta mana wani sabo wanda shi ma za a gama tsakanin la'asar da magariba.