Kwafin kwafi suka sayar min da kuɗin asali

Wallahi akwai zalunci a harkar nan ta sake buga tsofaffin faya-fayan jaz, kuma mu masu saye daga Najeriya mu muka fi kwana a ciki. Ba zan kama sunan kamfanin ba, wani ne dai a Turai, amma duk mai tara faya-fayai ya san irinsu: akwati mai sheƙi, hoton makaɗi baƙi da fari a gaba, an rangaɗa rubutu da ruwan zinare wai cikakken tari ne, wai an sake tace sautin daga tef na asali. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko ƙofar ɗakin da ake ajiye tef ɗin ba su taɓa gani ba.

Abin da na saya tarin aikin Clifford Brown ne da Max Roach. Ga wanda bai san shi ba, Clifford Brown mai busa ƙaho ne da har yau masu busa ke koyo daga gare shi. A 1954 suka kafa rukuninsu shi da Roach mai ganga, suka riƙa ɗaukar sauti wa kamfanin EmArcy, sai a watan Yunin 1956 hatsarin mota ya ritsa da shi a jihar Fensilbaniya ta Amurka, yana ɗan shekara 25, tare da mai fiyanonsu Richie Powell da matar Powell ɗin. Shekara biyu kacal rukunin ya yi. Abin da bawan Allahn nan ya bari ba shi da yawa, kowane minti a cikinsa abin tattali ne, shi ya sa na daɗe ina tara kuɗi don in mallake shi wuri guda.

To me na samu? Ina sa faifan farko, tun kafin busa ta fara, sai na ji ƙarar allura: ƙas, ƙas, ƙas, tana dawowa daidai lokaci guda a kowane zagaye. A faifan CD fa! CD ba ya da allura. Ma'anarsa guda ce, wani ya ɗauko tsohon faifan garmaho mai tsage, ya ɗora a kan na'ura, ya kwafe a kwamfuta, ya zuba mana a akwati. Da suka ga ƙarar ta yi yawa a wasu wuraren, sai suka bi ta da manhajar rage hayaniya, suka matse har sai da suka kashe kiɗan. Farantan ƙarfen da Max Roach ke kaɗawa, waɗanda ya kamata ka ji sautinsu yana tashi yana bajewa a hankali, sun koma wani shuu maras rai da ke yankewa tun bai gama fita ba. Ƙahon Clifford, wanda aka san shi da kauri da ɗumi, ya siririce ya koma kamar ana busa shi ta cikin gwangwanin madara.

Bai tsaya nan ba. Duk aikin nan da sauti mai hanya ɗaya aka ɗauke shi, wato mono. A shekarun 1960 kamfanoni sun yi wata ɗabi'a ta raba irin wannan sauti gida biyu da dabara, su tura kaifinsa lasifikar hagu, kaurinsa ta dama, su ƙara amsa-kuwwa, su kira shi sitiriyo don ya sayu. Masu sauraro sun daɗe da tsine wa wannan aiki. Ashe daga irin wannan gurɓataccen faifan suka kwafo kusan rabin akwatin. Faifai na uku da na huɗu kuwa abu ɗaya ne a cikinsu, lamba kawai aka sauya a bayansu. Kenan akwai faifai guda sukutum da na biya kuɗinsa ban same shi ba.

Sai ɗan littafin da ke ciki, wanda shi ne rabin dalilin da ake sayen akwati. Shafuka ne 'yan kaɗan, babu ranar ɗaukar sauti, babu sunan sitidiyo. Inda suka yi ƙoƙarin jera makaɗa, sun rubuta Sonny Rollins a kan aikin 1954. Haba jama'a! Harold Land ne ke busa saksafon, wani irin ƙaho, a lokacin, Rollins bai shiga rukunin ba sai ƙarshen 1955. Ko kunne ya isa ya raba maka su. Mutumin da bai san wannan ba, me ya kai shi sayar da tarihin mutane?

Abin da ya ba su ƙafa doka ce. A da, haƙƙin mallakar sautin da aka ɗauka a ƙasashen Tarayyar Turai shekara 50 yake yi. A 2011 aka amince a mayar da shi 70, aka fara aiki da hakan a watan Nuwamban 2013, amma ba a waiwayi waɗanda wa'adinsu ya riga ya cika ba. Saboda haka duk faifan da ya fito kafin 1963, kowa na iya buga shi a can ya sayar ba tare da ya nemi izinin kamfanin da ya ɗauka ba, ba tare da ya ba iyalan makaɗan ko kwabo na busarsu da kiɗansu ba. Nan kuwa ne tsakiyar zamanin da jaz ya fi albarka. Ni ban ce sun karya doka da suka buga ba. Amma doka ba ta ba su mabuɗin rumbun da tef yake ba, tef na asali yana hannun masu shi. Kuma babu dokar da ta halatta ka rubuta wa mai saye cewa daga tef ka ɗauko alhali daga tsagaggen faifai ka kwafa. Wannan ha'inci ne, a kowace kasuwa, a kowane addini.

Abin da ya fi ci min rai, an san yadda ake yin aikin nan da gaskiya. A 1989 an fitar da cikakken aikin Clifford Brown na EmArcy a faifan CD goma, ƙarƙashin kulawar Kiyoshi Koyama, Bajapanen da ya zauna ya bi tef-tef ɗin ɗaya bayan ɗaya ya tono har da waɗanda ba a taɓa fitarwa ba. Wannan nake nema tun asali, sai dai ya daɗe da ƙarewa, masu na hannu kuma sun tsuga masa kuɗi. Haka Michael Cuscuna da Charlie Lourie, da suka fara fitar da akwatunan kamfaninsu Mosaic a 1983 da aikin da mai fiyano Thelonious Monk ya yi wa kamfanin Blue Note: su karɓi izini, su nemo tef, su rubuta maka ranar da aka shiga sitidiyo, wa da wa ke ciki, ɗauka ta nawa ce aka zaɓa, wacce aka ajiye. Kai, ko shahararren faifan nan na Miles Davis na 1959, Kind of Blue, sama da shekara talatin ana jin gefensa na farko da ɗan saurin da ya wuce ƙima saboda na'urar da ta ɗauka ba ta gudu daidai, sai a 1992 aka gyara. Da me aka gyara? Da komawa kan tef. Abin da ake nufi da sake tace sauti kenan, ba shafa wa tsohon kwafi hoda ba.

Na rubuta wa kamfanin da ya sayar min da akwatin. Na tura hoton faya-fayan biyu, na naɗi ƙarar allurar a waya na haɗa musu. Amsar farko ta na'ura ce, wai sun gode da na zaɓe su. Ta biyu wani ne ya rubuto, ya ce in mayar da akwatin a rufe yadda ya zo, da ledarsa, kuma kuɗin mayarwa a kaina. Ta yaya zan san faifai biyu abu ɗaya ne ban buɗe leda ba? Na tambaye shi daga ina suka samo sautin, tambaya ɗaya tak, bai amsa ba har yau. Daga baya ma sai suka ce tsarin musanyarsu bai shafi yankinmu ba. Amma da za a cire kuɗi a katina, babu wanda ya tuna da yanki.

Su ba su san abin da akwati guda ke ci a nan ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Akwai lokacin da bankuna da dama suka dakatar da sayayyar waje da katin naira, sai ka nemi dala, ko ka roƙi wani ɗan uwa da ke waje ya biya maka. Kuɗin aike kaɗai yakan kusa kamo kuɗin kayan. Ga kuɗin fito. Ga zaman jira, kana duba lambar bibiya a waya tana nuna maka kaya na wuri guda mako da mako. Ranar da na je karɓa, gefen kwalin a lotse yake, ya sha ruwa ya bushe, maƙalin faifai biyu ya karye suna ta kai-komo a ciki. Na nuna wa yaron da ke kan kanta, ya ce, "Yallaɓai, haka ya zo mana, sa hannu kawai za ka yi." Na ce, "Ɗan samari, in na sa hannu ai na yarda lafiya na karɓa kenan." Ya ce in ban sa ba kaya za su koma. Su koma ina, bayan duk abin da na kashe? Na sa hannun raina a ɓace.

Na san abin da wasu za su ce: ka je ka saurara a YouTube ko Spotify mana, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ina saurara. Amma ku duba da kyau, irin waɗannan kwafin ne suka cika can ma, faifai ɗaya da bango iri biyar, ba ka san na gaske ba. Babu littafi, sau da yawa babu sunan mai ganga balle na mai bes, wato babban kayan kiɗan nan mai tsirkiya da kaurin sauti. Wanda kake so yau, gobe ka wayi gari an cire shi. Kuma ranar da sabis ya ɗauke ko data ta ƙare, kiɗa ya ƙare. Mai tara faifai so yake ya riƙe abinsa a hannu, ya san wa ya busa, a ina, yaushe, ya bar wa 'ya'yansa.

Wasu kuma cewa suke me ya haɗa Bahaushe da jaz, har wasu shagunan waje in suka ga adireshin Najeriya sai su rufe ƙofa tun kafin ka yi magana. Iyayenmu sun saurari shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka ta gajeren zango, shirin da ya faro tun 1955. Shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har Kaduna ya je ya gana da Sardauna. Makaɗin jaz Ba'amurke Yusef Lateef shekaru ya yi a farkon shekarun 1980 yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana nazarin sarewar Fulani, ya kuma ɗauki faifai a Legas a 1983. Mu ba baƙin kiɗan nan ba ne, kuma kunnenmu ba toshe yake ba da za a turo mana abin da aka ga dama a ce ai ba za su gane ba.

Ba na neman alfarma. In daga faifan garmaho kuka kwafa, ku rubuta a bayan akwati da manyan baƙaƙe, ku sa masa kuɗin da ya dace da kwafi, mai so ya saya da saninsa. Ku ɗauki mutum guda da ya san Harold Land daga Sonny Rollins ya duba littafinku. Ku saurari faya-fayanku kafin ku liƙe su a leda. Ni dai na kai ƙorafi bankina da duk hujjojina, na kuma aika wa kamfanin kwafin takardar. Kuɗina nake so cif, da na akwatin, da na aike, da na fito.