Bahar Maliya na bukatar nata ma'aunin

Duk lokacin da aka yi taron sauyin yanayi, adadi ɗaya ake jefo mana: teku ya tashi da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma daga 2006 zuwa 2018 tashin ya kai milimita 3.7 a shekara. Alƙaluman IPCC ne, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ba na musun su. Abin da nake ja da shi shi ne yadda 'yan uwanmu a nan Jidda ke ɗauko su, su haɗa da taswirar WhatsApp, su ce nan da shekara kaza unguwar Balad ta nutse. Dattawa kuma su ce tun zuwansu ƙasar nan ruwan Kornish, wato bakin tekun Jidda, yana inda suka same shi. Duka biyun akwai gyara.

Teku ba randa ba ce da ruwa ke cika daidai ta kowane gefe. Iska na tura shi, zafi na kumbura shi, ƙasar da ke bakinsa ma ba a tsaye take ba. A Jakarta yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa arewacin birnin ke lotsawa, can kuwa a gaɓar Suwidin da Finlan ƙasa ce ke ɗagowa tun bayan narkewar tsohuwar ƙanƙara, har teku ke ja da baya.

Namu tekun ma halinsa daban. Babu kogi ko ɗaya da ke zuba a Bahar Maliya duk shekara, rana kuma na ƙafar da kusan mita 2 na ruwansa a shekara, sai mashigar Babul Mandab ta cike giɓin. Da sanyi ruwan kan fi na bazara tsawo da gomman santimita. Masuntan da ke kawo kifi kasuwar Bangala sun san haka, don da zafi sukan ga kawunan duwatsun murjani a fili. To ta yaya idon mutum zai gane ƙarin milimita 3 a cikin wannan hawa da sauka? Sai an yi shekaru masu yawa ana aunawa a wuri ɗaya.

Tun 1992, da Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan adam na TOPEX/Poseidon, ake auna teku daga sama. Amma awonsa kan yi rauni kusa da gaɓa, ga tekunmu siriri, kuma ba ya faɗa maka ko ƙasar da gidanka ke kai tana nitsewa. Wannan aikin ma'aunin bakin ruwa ne haɗe da na'urar GPS, a Jidda da Yanbu da Jizan, da kuma Bur Sudan a ɗaya tsallaken, inda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa hankalin kowa ya koma wani wuri.

Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, wadda ta ci rayuka sama da 100, daga tsaunukan gabas ta gangaro, ba daga teku ba. Sai dai manyan magudanan da aka gina bayanta a teku suke zuba, kuma in tekun ya ɗan tashi, ruwan sama zai yi nauyin fita. Mai haya a ƙasan bene a kudancin Jidda shi zai fara sani. Jami'ar KAUST da ke Suwal da Jami'ar Sarki Abdul'aziz suna da masana teku; a riƙa fitar da awon kowane gari daban, cikin harshen da magini da mai haya za su gane.