Ɓatan Wata a Gidan Haya

Gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi ɗaki goma sha huɗu ne, famfo ɗaya, banɗaki biyu, kuma babu macen da ke buƙatar kalanda a cikinsa. Hajiya, uwar mijina, ita ce kalandarmu. Kujerarta na bakin ƙofar ɗakinta tana kallon famfo, carbi a hannu, ido a kan buta. Matar da ta kwana biyu ba ta ɗauki buta da Azahar ba, Hajiya ta rubuta. Wadda kuma ta yi wata biyu tana ɗaukar buta ba fashi, ita ma an rubuta, sai dai a wani shafi daban.

Azumin 2024 ne ya jefa ni a wancan shafin.

Shekarata 43 a lokacin. 'Ya'yana huɗu, autana Abdul yana aji huɗu a firamare, babbar kuwa, Fati, wata biyar ke nan da kai ta ɗakinta a Tafo. Kayan jarirai na rabar tuntuni, bahon wanka ma gawayi nake zubawa a ciki. Ni a wajena an rufe wannan shago, an jefa makullin a rijiya.

Baƙona na wata ya zo kwana 10 kafin a ga jinjirin watan azumi, saboda haka lissafina wajen 18 ga wata zan sha. Har na yi tanadi. Atamfa nake sayarwa a sabuwar kasuwar Kejetia, kuma a ƙarƙashin teburina akwai wani lungu da ya dace da kwanon waakye da ledar ruwan sanyi. Duk macen da ta ce ba ta ɗan jin daɗin wannan hutu a zafin Kumasi na watan Maris, to ta fi ni imani, ta sa ni a addu'a.

Sha takwas ta zo ta wuce. Ashirin. Ashirin da biyar. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Goman ƙarshe kullum ni ke riƙe wa Hajiya darduma zuwa tahajjudi, kullum kuma sai ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Sannu Maman Fati, bana kam an dage." Na ɗauka yabon ibada ne. Ashe ƙirga take yi.

Kwana biyu bayan Salla muna layin ruwa, aka buɗe faifan da ake buɗewa duk shekara: nawa kika sha? Memuna ta ce bakwai. Amaryar ɗakin ƙarshe ta ce shida, tana sunne kai. Aka zo kaina. Da ina da wayo da na ce biyar na wuce abina, amma ina, bakina ya riga hankalina.

"Ni ban sha ba."

Har famfon sai da ya yi tari ya ɗauke. Memuna ta ajiye bokiti, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Maame Akosua, Batoniyar, wato 'yar ƙabilar Ashanti, da ke haya a ɗakin gaba, ba ta jin Hausa sosai amma guɗa ba ta buƙatar tafinta. Ta leƙo ta dubi cikina ta yi murmushi. Hajiya ko motsi ba ta yi ba. Ta ja carbi ɗaya ta ce, "Ni na sani tun daren ashirin da bakwai."

Abin mamaki, kafin wannan guɗar lafiyata ƙalau. Bayanta kuwa, duk wata alamar ciki da na taɓa ji a duniya sai ta yi mini sallama. Na bi ta layin masu kifi, warin momoni, kifin gishirin nan mai ɗoyi, ya bugo ni, zuciyata ta tashi, alhali shekara ashirin ina wucewa ta nan ko tsaki ban taɓa yi ba. Na ga mai tallan ayilo, farar ƙasar nan da masu ciki ke gwaigwaya, yawuna ya tsinke. Kasala, barci da rana, ƙirji ya yi nauyi, mara ta ɗaure. Sai daga baya na tuna cewa yawancin waɗannan su ne dai ke zuwar mini duk wata in al'ada ta kusa, ragowar kuma aikin cincin da soyayyen naman Salla ne.

A gida an canja mini matsayi. Aka cire ni daga jerin masu sharar tsakar gida. Hajiya ta fara aiko mini da fura da gasasshiyar hanta, ta kuma buɗe akwatinta mai warin kafur ta fiddo wani tsohon zanen saƙi, ta ce da shi ta goyi Baban Fati, in ajiye.

Shi kuwa Baban Fati, makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, komai na duniya da idon mota yake kallonsa. Da na faɗa masa cikin dare, ya yi shiru har na zaci suma ya yi. Can sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ashe injin bai kwanta ba." Washegari da wata irin tafiya ya fita, kafaɗa a buɗe, kamar wanda ya ci zaɓe. Da daddare kuma lissafi ya kama shi. Ya ce in duba katin inshorar lafiyata ko ya mutu, don tun 2008 awon ciki da haihuwa kyauta ne ga mai kati. Ya yi ajiyar zuciya ya ƙara da cewa, "Ragon suna ne kawai gwamnati ta manta ba ta sa a ciki ba."

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne raɗar da ƙanwata ta yi mini a waya: Fati ma ta yi ɓatan wata. Sai na hango mu a kan benci ɗaya ranar awo, uwa da 'ya, kowa da katinta, malamar asibiti tana kiran suna. Na hango ta ta dawo gida wankan jego, ni da ya kamata in hura mata wuta in dama mata kunun kanwa, ina kwance a gefe ana dama mini nawa. Surukaina na Tafo su zo barka su rasa wadda za su fara yi wa. A daren na yanke shawarar sayen abin gwaji.

To, a ina? A Aboabo ko Asawase kam, kafin in karɓi canji labari ya riga ni gida. Na hau tirotiro, motar haya, har Bantama, na ja mayafi zuwa hanci, na shiga wani kantin magani, na gyara murya na fara Tonanci irin na 'yan boko. Ban kai ƙarshen gaisuwa ba yaron da ke bayan kanta ya washe baki.

"Laa, Maman Fati! Ina wuni? Ba ki gane ni ba? Ajinmu ɗaya da Fati a makarantar allo. Me za a ba ki?"

Na ce farasitamol.

Kanti na biyu maza ne cike suna gardamar ƙwallon Kotoko, aka yi tsit ana jiran a ji abin da Hajiya mai mayafi ke so. Na sayi maganin sauro. Na uku na fito da man zafi. Kafin in isa Adum jakata ta zama ƙaramin asibiti, abin da na fito nema ne kawai babu.

A Adum Allah ya haɗa ni da wata dattijuwar Batoniya ita kaɗai a kanti. Na matsa na ce mata aiko ni aka yi, 'yata ce ke so. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗauko ɗan tsinken a takardarsa, ta ce in gaya wa 'yar tawa ta yi amfani da fitsarin farko na asuba, don shi ya fi kauri. Ta tsoma iya zanen da aka yi, kar ta wuce. Ta duba bayan minti 3 zuwa 5. Layi biyu ciki ne, layi ɗaya babu, in ba layi ko ɗaya tsinken ne ya lalace. Bayan minti 10 kuma kar ta yarda da duk abin da ta gani. Ta miƙo mini canji ta ce, "Ki tabbata 'yar taki ta ji, don na ga hannunta na rawa."

Asuba ta yi, dumso, ɗauke wutar nan tamu, ya yi abin da ya saba, gari baƙi ƙirin. Na lallaɓa banɗaki da fitilar waya a baki. Na tsoma ke nan aka buga ƙofa, mijin Memuna ne wai zai makara jam'i. Na cusa tsinken a ƙugun zane na fito ina gyaran murya. Hajiya ta kira ni in zuba mata ruwan alwala. Yara suka tashi, wannan ba safa, wancan ba kuɗin koko. Sai da rana ta fito, fiye da awa guda, na tuna. Na ciro shi: layi ɗaya ja wur, a gefensa kuma wata inuwa siririya, wadda in ka karkata hagu ka gan ta, in ka karkata dama ta ɓace. Na zauna a bakin gado ina salati, na ajiye shi a kan akwati na tafi neman tabarau.

Abdul ne ya tsince shi. An taɓa yi masa gwajin zazzaɓi a asibiti, ya san layi biyu ba alheri ba ne. Sai jin muryarsa na yi a tsakar gida: "Hajiya! Hajiya! Mma tana da maleriya!"

Kafin in fito, tsinken ya zama na al'umma. Hajiya ta riƙe shi a juye tana nazari. Memuna ta ɗaga shi saitin rana ta rantse layi biyu ne, har ma na biyun ya fi kama da na namiji. Amarya ta ce ita ɗaya take gani, aka ce mata yarinya ce, me ta sani. Maame Akosua ta shinshina, ta mayar da sauri. Mutum bakwai suka ce akwai, huɗu suka ce babu, ni mai abin ba wanda ya tambaye ni.

Ranar ban buɗe shago ba, na wuce asibiti. Malamar jinyar da na samu ba za ta girmi Fati ba. Ta sake gwaji a gabana, tana kallon agogo. Layi ɗaya tal. Ta ce tsinken wani sinadari yake nema mai suna hCG, wanda jiki ke fitarwa bayan ciki ya kama, kuma tun ranar farko da al'ada ta ƙi zuwa yakan nuna. Ni da na haura mako biyu, da akwai da layin ya fito ɓaro-ɓaro. Inuwar da gidanmu ya kaɗa wa ƙuri'a kuwa shatin fitsari ne da ya bushe.

Na ce, to ina baƙona ya maƙale? Ta ce tazarar al'ada daga kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne, kuma ba ciki kaɗai ke riƙe ta ba. Damuwa, rashin barci, rama, jinya, shayarwa, allurar tazarar haihuwa, ciwon maƙoƙo, kowanne na iya jinkirta fitar ƙwai, in ƙwai ya makara jini ma ya makara. Na tuna bashin kayan ɗakin Fati da ban gama biya ba, da wata guda ina kwanciya ƙarfe biyu na dare ina tashi uku da rabi, na gyaɗa kai. Da ta tsaya a nan da mun rabu lafiya. Sai ta duba katina ta ce, "Mma, shekara 43 ko? Kina jin zafi ya taso miki, ko gumi cikin dare?"

Na ce, "'Yar nan, a Kumasi muke, watan Afrilu, kuma ba wuta. Har kyanwar gidanmu gumi take."

Ta yi dariya, amma ba ta fasa ba. Ta ce yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55 suke daina al'ada, kuma shekaru kafin nan takan fara wasan ɓuya, wani wata ta zo, wani ta tsallake. Ta ja mini kunne cewa wannan ba lasisi ba ne, sai mace ta yi wata 12 cur ba ta gani ba ake cewa ta daina, kafin nan ciki na iya shiga. In sake gwaji bayan mako guda, in kuma aka yi wata uku shiru in dawo.

Na shiga ɗakin nan ina mai juna biyu, na fito ina tsohuwa. Tsakanin kujerarta da ƙofa shekara ashirin suka hau kaina, har gwiwata ta fara ƙara. Kuma ga abin haushi: ni da na yi kwanaki ina roƙon Allah kar ya kunyata ni a gaban surukai, sai ga ni a tirotiro ina jin haushin layin nan da bai fito ba. Yaron mota ya ce, "Maame, matsa ciki," na kusa cinye shi ɗanye. Jiya ma haka ya kira ni, ban ji komai ba.

Baban Fati ya karɓi labarin da fuska biyu, ɗaya ta sauƙi ɗaya ta asara, don ashe har ya je ya taya rago. Ya ce ba komai, ya tsaya a na Fati. Kafaɗar dai ta koma inda take. Hajiya kuwa cewa ta yi na'urar Bature ba ta san komai ba, ita da ta haifi tara ba ta taɓa tsoma tsinke a ko'ina ba. Hanta ta ci gaba da zuwa. Ni ma ban musa ba, mai hanta ai ba a yi masa gardama.

Ranar 12 ga Shawwal, kwana 52 cif, ina cikin farin leshin anko za mu suna a unguwar Sawaba, baƙon ya iso ba ko sallama. Na koma ɗaki na sake kaya. Ladan ya kira Azahar, mata suka yi layi a famfo, butata na ajiye a gindin bango ba wanda ya taɓa ta.

Hajiya ta dubi butar. Ta dube ni. Ta ja carbi ɗaya.

"Maman Fati, gobe ke ce da shara. Kuma ki miƙo mini zanena in aika Tafo."