Ƙannena 'yan riƙo, kafin ranar fita ta zo

Ƙanena, ƙanwata, ku da kuka tashi a hannun riƙo, a gidan wasu ko a gidan marayu, da ku nake yau. A yawancin ƙasashe, da zarar yaro ya cika shekara 18 doka ta daina kallonsa a matsayin yaro. Wanda ya tashi gaban iyayensa ba ya ma jin nauyin wannan rana. In haya ta gagare shi, ɗakinsa na nan. In aiki ya kuɓuce masa, akwai inda zai koma. Kai kuwa, sau da yawa fayil ɗinka za a rufe, a ce Allah ya ba da sa'a. A Amurka kaɗai, kusan matasa 20,000 ne ke barin riƙon hukuma duk shekara saboda shekarunsu sun kai, ba don an sama musu iyali ba.

Na san da yawanku kun gaji. Yau wannan gida, gobe wancan, makaranta ta sauya, jami'in da ke kula da kai ya sauya, kowane sabo kuma sai ya sake tono labarin da ba ka son tunawa. Shi ya sa zuciya ke cewa: in na fita, ba ni ba su. Ban ga laifinka ba. Sai dai wannan fushin shi ke sa matashi ya bar haƙƙinsa a baya, bayan wata shida a gan shi yana raɓe-raɓe a ɗakunan abokai.

Taimakon da doka ta tanada ba sadaka ba ce, naka ne. A Ingila, dokar shekarar 2000 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta ba mai barin riƙo mashawarci na kansa da rubutaccen tsarin rayuwarsa, kuma dokar 2017 ta miƙa wannan taimako har shekara 25. Tun 2014 ma ana iya ci gaba da zama da iyayen riƙo har shekara 21 in ɓangarorin biyu sun yarda. A Amurka, dokar 2008 ta buɗe wa jihohi hanyar tsawaita riƙo zuwa 21, akwai tallafin karatu da ke kaiwa dala 5,000 a shekara, da inshorar lafiya ta Medicaid har shekara 26. Inda kake, tanadin zai iya fin haka ko ya gaza. Ka tambaya, ka sake tambaya, ka ce a rubuta maka. In an ba ka damar ƙara shekara ɗaya ko biyu a inda kake, kuma wurin ba mai cutarwa ba ne, don Allah ka karɓa. Ba gazawa ba ce.

Tun ran gini tun ran zane. Takardar haihuwa, katin shaida, sakamakon makaranta, bayanan asibiti da na rigakafi, duk ka karɓe su tun kana ciki, domin nemansu bayan an rufe fayil wahala ce ta gaske. Ka ɗauki hotonsu ka adana. Ka buɗe asusun banki da sunanka kai kaɗai. Kada ka yarda wani ya ci bashi da sunanka, ko ɗan'uwa ne. Satar bayanan 'yan riƙo ta yi yawan da a Amurka doka ta ce a riƙa duba musu tarihin bashi duk shekara tun suna 14. Yarjejeniyar haya kuma kada ka sa mata hannu sai wani babba ya karanta tare da kai.

Maganar dangi na jini tana da nauyi. Za ka so ka neme su, kuma kana da iko. Ka je a hankali, kana da wurin kwananka da ba ya hannunsu, saboda dalilin da ya raba ku ƙila bai gushe ba.

Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne kaɗaici. Ɗaki naka, mabuɗi naka, amma ba mai tambayar ko ka dawo. A irin wannan lokaci ne masu yaudara ke shigowa da fara'a da kyauta, musamman gare ki ƙanwata. Duk wanda ya fara raba ki da mutanenki, ko ya ce ki ba shi ajiyar takardunki ko kuɗinki, ki ja baya.

Saboda haka, kafin ka fita ka samu babba guda ɗaya mai amana: uwar riƙo, malami, mai koya maka sana'a, ko wani da ya riga ka fita ya zauna da ƙafafunsa. Kada ka tsaya kana zaton ya gane. Ka same shi ka ce: "In na shiga matsala da tsakar dare, zan iya kiranka?" In ya ce e, ka rubuta lambarsa a takarda, ba a waya kaɗai ba, kuma ka riƙa gaishe shi ko ba ka da buƙata. In ya yi ta kame-kame, kada ka ɗauka kai ne ba ka isa ba. Ka tambayi na gaba.