Dutsen Vinson da duwatsun Damagaram: wa ke raɗa suna?

Dutse mafi tsayi a nahiyar Antatika sunansa Vinson, mita 4,892, cikin jerin Sentinel na tsaunukan Ellsworth, kimanin kilomita 1,200 daga tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya. Ƙanƙara ta lulluɓe shi rani da damina, in ma ana iya kiran abin da ke can damina. A Disamba da Janairu rana ba ta faɗuwa, amma sanyi na kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili.

Babu wanda ya san da shi sai 1958, da jirgin sojan ruwan Amurka ya hango shi daga sama. A 1961 kwamitin Amurka mai raɗa sunaye a Antatika ya sa masa sunan Carl Vinson, ɗan majalisa daga jihar Jojiya da ya tsaya wa binciken yankin a majalisa. Ayarin Nicholas Clinch ne ya fara taka ƙololuwarsa a Disamba 1966. Na biyu a tsayi, Tyree, sunan hafsan sojan ruwa ne, Shinn kuma na matuƙin jirgi. Duk tukwici ne, babu sunan da zai gaya maka inda hanya take ko inda haɗari yake.

Mu a Damagaram ba haka muka gada ba. Birni saboda ganuwa da fadar sarki, Zango saboda nan ayarin raƙuma ke sauka. Faransawa sun gwada irin na Antatika, suka gina barikinsu bisa dutse da sunan Kazamaju, kyaftin ɗin da aka kashe a garin a 1898, amma unguwannin sun ci gaba da amsa sunayensu. A nan na fi son namu nesa ba kusa ba.

Inda masu raɗa sunayen Antatika suka fi mu shi ne rubutu da awo. An daɗe ana buga tsayin Vinson a mita 5,140, saboda ƙiyasi ne daga nesa, a wurin da komai fari ne, ido ba ya samun abin da zai kafa awo a kai. A 2004 aka hau da na'urar GPS, aka kafa ta bisa ƙololuwa tana karɓar saƙon tauraron ɗan adam awoyi da yawa, sannan aka tace lissafin, aka sami 4,892. Wata matsalar kuma, suna ɗaya ake kira wa tulin duwatsun baki ɗaya, mai tsawon kilomita 21 da faɗin 13, da kuma kan da ya fi tsayi. A 2006 kwamitin ya raba gardama: tulin daban, ƙololuwar daban, kowanne da lambobinsa a taswira.

Irin wannan kuskuren ya same mu a Nijar. Shekaru ana ɗaukar Girebun a matsayin dutse mafi tsayi, alhali Idukal-n-Tagas na Bagzan ne, mita 2,022, Girebun kuwa 1,944.

Wanda ke zaune waje ya buɗe taswirar Damagaram a waya zai ga tituna, amma manyan duwatsun da suka kewaye Birni da na hanyar Mirya yawanci ba suna a kansu, alhali tsofaffin unguwa sun san su. Aikin rubuta sunayensu da auna su ba shi da tsada. A tambayi dattawa uku daban daban kan kowane dutse, don sau da yawa unguwa biyu kan kira shi da suna biyu, a rubuta duka. A ɗauki lambar GPS da waya a gindinsa da ƙololuwarsa, a bar wayar ta zauna mintuna kaɗan tukuna, domin kusa da bangon dutse saƙon yakan karkace ya ɓata awo da mita goma ko fiye, tsayi kuma ya fi saurin kuskure. A rubuta da ƙ da ɗ da ɓ yadda ake faɗa, ba da rubutun Faransanci ba. Ɗaliban sashen labarin ƙasa na jami'ar Zinder za su iya farawa da Birni cikin hutu ɗaya, su miƙa wa ma'aikatar magajin gari kwafi.